Jinkar Mai Burkutu

Watan da ya wuce ɗana ya aiko mini da hoto a waya daga gida, ya ce in ga ci gaba. Na sa tabarau na duba. Ɗakin mahaifina ne, ɗakin ciyawa na ƙarshe da ya rage a unguwarmu, an rushe shi an tayar da wani mai kusurwa huɗu, an buga masa kwano shuɗi. Na tambaye shi su wa suka yi rufin. Ya ce kafinta ne daga Kafanchan da yaransa, sun zo da safe, kafin rana ta karkata sun gama, an sallame su sun hau babur. Na ce, maƙwabta fa? Ya ce, "Baba, maƙwabta me za su yi? Ai aikin kafinta ne." Na ajiye wayar. Kwano abu ne mai kyau. Ba ya kama wuta kamar ciyawa, ba ya tara ɓera, ba a sake shi bayan 'yan shekaru. Amma akwai abin da ya tafi tare da jinka, kuma ina so in faɗe shi daki-daki tun akwai mai tunawa.

A layin da nake zaune yanzu a cikin gari, in na fito ranar Lahadi da sandata, coci a dama, coci a hagu, wani a saman bene, wani a shagon da dā ake sayar da siminti. Kowanne da lasifikarsa a kan rufi, an juya bakinta tana kallon ta maƙwabci. Kowa yana kiran sunan Yesu, ba mai jin na wani. Jikokina suna cewa wannan rabuwa abin zamani ne, wai a lokacinmu masu bi kansu a haɗe yake. Ba gaskiya ba ne. Mu ma mun yi namu, sai dai mu ba mu da lantarki.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, inda in iska ta juyo daidai kana jin kukan jirgin ƙasa daga nesa. Safiya tana da tsarinta. Da farko zakara, bayansa turmi, mata suna surfen acca, wannan gida ya buga wancan ya amsa. Sa'an nan aladu su fara ƙorafi. Daga nan sai ƙarfe. Ƙarfe biyu ne, domin coci biyu ne a garin: Cocin Tudu, namu, da Cocin Rafi. Mu muna da guntun ƙarfen dogo rataye a jikin mangwaro, su suna da tsohon wilin mota. Mai buga namu in ya ji nasu ya riga shi, ranar ba ya karyawa da daɗin rai. Haka aka dinga rige-rige, kowa yana matso da nasa baya, har wata shekara aka wayi gari ana kiran addu'ar safe zakara bai san ana yi ba.

Asali coci ɗaya ne. Ganga ce ta raba shi. Dattawanmu sun fito daga tsafi da ƙafarsu, sun sha duka da kora a kan haka, kuma a kunnensu ƙarar ganga ƙarar abin da suka baro ce. Sai samari suka je wani babban taron masu bi a gari, suka ga ana kaɗa ganga a gaban fasto, ƙasa ba ta tsage ba. Suka dawo da maganar. Aka yi ta zama, aka yi ta tashi, daga ƙarshe samarin suka sauka bakin rafi suka yi nasu ginin. Koyarwa iri ɗaya ce. Littafin waƙa iri ɗaya ne. Baftisma ma a gurbi ɗaya ake yi a rafin, sai dai ba rana ɗaya ba. Bambancin da kunne ke ji shi ne mu muna rera waƙa kamar masu raka gawa, su kuma kamar waɗanda kare ya biyo. Ni na tsaya a Tudu, domin ina son abu ya tafi a kan ƙa'ida. Wana Markus kuwa shi ne ma mai kaɗa gangar Rafi. Ɗaki ɗaya muke kwana, gona ɗaya muke noma, amma ranar Lahadi ba ma magana sai an ci tuwon dare. Mahaifiyarmu ba ta shiga wannan. Takan ce tukunyarta ba ta da ɗarika, wanda yake jin yunwa ya wanke hannu.

Dole in bayyana yadda ake jinka, domin yaran yanzu suna tsammani tara ciyawa ake yi a kan ɗaki kamar shara. Da farko, tun da rani, a yanko ciyawa a shanya, a yanta ta da igiyar rama ta zama doguwar shimfiɗa, a naɗe a ajiye. Na biyu, a saro gwangwala a bakin rafi. Na uku, kafin a yanke ko sanda ɗaya, a shiga ɗakin da igiya a auna shi daga bango zuwa bango. Bayan haka a zana da'ira a ƙasa nan kusa da ɗakin, a jera gwangwala a kanta, a haɗa kawunansu a sama, a ɗaure tanka zagaye-zagaye. Sa'an nan a baibaye, daga ƙasa a yi sama, don ruwa ya riƙa zamewa. Na ƙarshe shi ne ɗauka. Duk sauran aikin mutum ɗaya mai haƙuri zai iya yi shi kaɗai, amma ba a taɓa haihuwar wanda ya ɗora jinka shi kaɗai ba. Saboda haka a lokacinmu mutum yana lura da bakinsa. In ka ɓata da unguwa da rani, da bazara za ka tsaya kai da jinkarka kuna kallon juna.

Tsakanin tudu da rafi akwai gidan wata tsohuwa, Kaka Tani. Gajera ce, amma muryarta ta ishi mutum uku. Ba ta zuwa cocin kowa, ta ce ta tsufa da sake hanya. Sana'arta dafa burkutu, kuma hana shan burkutu shi ne abu ɗaya da Tudu da Rafi ba su taɓa yin gardama a kai ba. Namijin da yake mai bi ba ya taka ƙofar gidanta. In hanya ta biyo da shi, yakan juya fuska gefe ya ƙara sauri, ko da yake hanci ba ya juyuwa. Duk da haka kowane coci yana son ya same ta, domin an san ranar da Kaka Tani ta tuba rabin mashayan gari za su rasa wurin zama. Masu bishara sukan tsaya a bayan shingen kerana su yi mata wa'azi da ƙarfi, ita kuma tana juya tukunya tana cewa, "Ƙara murya, ɗana, na jiya ya fi ka ƙarfi."

A wata bazara aka yi iska mai tsanani, ba ruwa sosai, sai yayyafi. Ta ɗauke jinkar ɗakin Kaka Tani ɗungurungum, ta kai ta gonar gwaza ta wargaza. Ɗaki ɗaya gare ta, a nan take kwana, a nan tukwanenta suke, a nan irin accarta yake. Ɗanta ya tafi haƙar kuza tun da daɗewa, ba labari. Mashayanta kuwa kullum da yamma sukan yi rantsuwa gobe da sassafe za su yi mata jinkar da ba a taɓa gani ba, da safe kuma ba mai iya ɗaga kansa balle gwangwala. Ta ci gaba da kwana a ciki, ta jingina tsohuwar zana a wani lungu, ga tari ya kama ta. Kowa ya san abin da ke tafe. Bangon laka ne, kansa a buɗe. Babban ruwa ɗaya zai jiƙa shi ya zauna, wataƙila da tsohuwar a ciki.

Shugaban dattawan cocinmu shi ne Baba Ishaya, dogon mutum, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a cikin coci ba sai in yana waƙa. Bayan sujada ya tsayar da maza, ya ce an umurce mu mu kula da gwauraye, kuma ba a ce sai gwauruwar da take zuwa coci ba. Muka ce amin. Sai ya rage murya ya ce, "Kuma kada na Rafi su ji." Muka sake cewa amin, wannan karon ma ya fi ƙarfi. Ba na shakkar tausayin Baba Ishaya, na san shi. Amma na kuma san yana ganin tsohuwar zaune a bencin gaba na Cocin Tudu, na Rafi suna leƙe ta taga.

Nan aka zo kan mataki na uku. Wa zai shiga gidan burkutu ya auna? Kowa ya sunkuyar da kai. Baba Ishaya ya ce ba sai an shiga ba. Ya zaga da mu bayan coci, ya cire hularsa, ya kwanta a ƙasa ya miƙe. Ya ce a ja layi a ƙafarsa da kansa. Ya matsa ya sake kwantawa, aka sake ja. Ya tashi ya yi ɗan tunani, ya ƙara kamu ɗaya, ya ce, "Nan ne." Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya sani. Aka kuma yanke shawara a yi jinkar a nan bayan coci, a baibaye ta duka, don in an kai a ɗora kawai a fito, kada a daɗe a wurin da bai dace ba. Na ce a raina wannan ya saɓa wa tsari, jinka kusa da ɗaki ake yi. Amma ni saurayi ne a cikin dattawa, kuma samarin da suka rage a Tudu ba su cika hannu ɗaya ba.

Duk satin nan ina dawowa gida da ciyawa a gashina. Markus ma yana dawowa da ciyawa a nasa. Ban tambaye shi ba, bai tambaye ni ba. Igiyar ramar da mahaifiyarmu ta tufka ta rataye a zaure tana raguwa daga kai biyu. Ta dube mu wata rana ta ce, "Ɓerayen gidan nan sun fara zuwa coci." Kowa ya ci gaba da cin tuwonsa.

Ranar Asabar aka sa. Tun da safe zafi ya yi nauyi, tururuwa suna kwashe ƙwai, gabas ta fara duhu. Jinkarmu ta yi kyau, wannan ba gardama, ciyawa a kwance luf, tanka a matse. Baba Ishaya ya yi addu'a mai tsawo, ya bi ta kan gwauraye da marayu da matafiya da masu mulki. Muka kewaye ta, muka duƙa, muka kama. Ya ce a ɗaga. Abin da na fara ji shi ne gwiwoyin dattawa suna ƙara kamar ana karya kirare. Jinka ta taso har gwiwa, ta tsaya, kamar tana shawara. Sai wani tsoho ya ce, "Wayyo bayana," ya saki, na kusa da shi ya saki, ta koma ƙasa da ƙura. Aka huta, aka sha ruwa, aka sake gwadawa. Wannan karon ko gwiwa ba ta kai ba.

Muna tsaye haka sai muka ji ganga daga ƙasa. Muka matsa bakin tudu. Ga wata jinka can tana tahowa daga wajen rafi, ƙafafu da yawa a ƙarƙashinta, tana rawa, tana tsalle, Markus a gaba yana kaɗawa kamar zai fasa fatar. Fuskar Baba Ishaya ta ƙara tsawo. Muna kallo suka kutsa gidan tsohuwar, suka ɗaga ta sama da ihu, suka ɗora a kan bango, suka saki. Jinka ta ɓace. Ta faɗa cikin ɗakin gaba ɗaya, kamar murfin ƙaramar tukunya a bakin babba, sai ɗan tsininta ake gani. Ganga ta mutu. Daga baya muka ji yadda aka yi awon: su ma ba mai shiga, sai Markus ya ce idonsa ma'auni ne, ya wuce ta ƙofar gidan da sauri ya saci kallo da wutsiyar ido. A kan tudu dattawa suka kama tari, irin tarin da mutum yake yi in ba ya so a ga yana dariya.

Tarin bai daɗe ba, domin sai ga Kaka Tani tana hawowa da sandarta, ƙwaryar awonta rataye a kugu, samarin Rafi a bayanta kai a ƙasa. Ashe ta san da jinkoki biyun tun ranar farko. Ba a ɓoye wa mai sayar da burkutu labari. Ta zaga tamu, ta ƙwanƙwasa gwangwala, ta tura hannu cikin ciyawa, ta ja baya ta auna da ido.

"Wa ya auna wannan?"

Ta juya ta dubi Baba Ishaya.

"Dogo, kai ne ko?"

"Sunana Ishaya," in ji Baba Ishaya, yana kallon mangwaro.

"Ishaya ban san shi ba. Dogo dai ya san ɗakina, ya sha mirgina a ciki daga bango zuwa bango kafin ka kai shi rafi ka wanke." Ta juya wajen samari. "Ku kun kawo mini hula, kun fasa mini tukunya ɗaya. Su kuma sun yi jinka sun zauna suna gadinta. To ku dubi gabas, dukanku. Ni yau a ina zan kwana?"

Muka duba. Hadari ya riga ya cinye rabin dutse.

Baba Ishaya ya gyara murya ya ce in samarin suna so su sa hannu a aikin Cocin Tudu, ba za a hana su ba, amma ba ganga. Markus ya ce, "Baba, da girmanku, gangara ce fa. In ba kiɗa ƙafa ba za ta haɗu ba." Baba Ishaya ya ce za a rera waƙa. Markus ya ce, "Da irin waƙarku, Baba, sai an girbe dawa za mu isa." Wani dattijo ya ce a dubi rashin kunya. Wani saurayi ya ce ai gaskiya ce. Aka fara ɗaga yatsa. Sai aka yi tsawa, irin wadda ake ji a ciki kafin a ji a kunne, Kaka Tani ta ɗaga sanda ta ce, "Ku shiga, ko in fara kiran sunan waɗanda suke aiko yara da tulu ta bayan shinge." Ban taɓa ganin maza sun shiga ƙarƙashin jinka da sauri haka ba, kuma daga coci biyun ne.

Wanda bai taɓa ɗaukar jinka ba, ga yadda abin yake. Kanka yana ciki, kafaɗarka a ƙarƙashin tanka. Duhu ne, sai ƙanshin ciyawa da warin gumi. Ba ka ganin hanya, ba ka ganin fuskar kowa, ƙafafu kawai kake gani da ɗan haske a ƙasa. Dole a bar mutum ɗaya a waje ya zama idon kowa. A ranar duk namijin da ke iya tsayuwa yana ciki, don haka idonmu ita ce mai burkutu.

Jinka ta tashi kamar ba ita ba. Kaka Tani ta ce a tafi. Muka yi tafiya mai kyau, ina jin ƙafata tana aiki, sai na lura ina ganin tushen mangwaron nan ya wuce, can kuma ya sake wucewa. Daga waje mata suna ta dariya har da faɗuwa. Abin da ya faru shi ne da aka ce a shiga, kowa ya bi nasa, Tudu suka kama gefe ɗaya, Rafi suka kama ɗayan. Su suna sauri, mu muna tafiyar sujada, jinka kuwa da'ira ce. Sai ta dinga juyawa a wuri ɗaya.

"Ku ajiye!" in ji Kaka Tani. "Kun zo niƙa ne? Tsoho ɗaya, yaro ɗaya, tsoho ɗaya, yaro ɗaya. Wanda na ga ya manne wa ɗan cocinsu zai sha sanda a ƙwauri."

Aka cakuɗa mu. Aka sake ɗagawa. Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, a hankali, daidai takun mutum mai kaya. Ƙafafu suka kama shi da kansu. Daga can cikin duhu na ji muryar Baba Ishaya.

"Mene ne ake bugawa?"

"Ba ganga ba ce, Baba," in ji wani.

"Ka tabbata?"

"Ba fata a jikinta, Baba."

"To, mu tafi."

Haka coci biyu suka gangara tudu suna bin ƙwaryar awon burkutu, domin ba wanda ya taɓa kafa doka a kan ƙwarya. Tana bugawa tana ba da umurni. Dama kaɗan. Dutse a gaba, ku ɗaga ƙafa. Mai gajeren wandon nan, kai ba ka ɗauki komai ba, ina ganinka. Na dubi ƙafar da ke gabana na gane ta, babban yatsa ba farce, garma ta cire shi muna yara. Markus ne.

Na ce, "Yaya, kai ne ka kwashe igiyar Mama."

"Rabi na ɗauka. Sauran wane ɓera ne? Ɗaga kafaɗa, malalaci, nauyin duk a kaina yake."

Wani ya taka dugadugan wani a bayana, na ji an ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa," aka amsa, "Ba komai, ɗan'uwa." Shekaru ke nan wannan kalma ba ta ƙetare tsakanin Tudu da Rafi ba. A ranar ta ƙetare, domin ba wanda ya san wa ya taka. A ƙofar gida, inda shingen kerana ya matse, sai da aka karkata jinkar. Nan dattawa suka karɓi magana daga ciki, wannan gefe ya duƙa, wancan ya ɗaga, samari suna cewa to Baba, to Baba, ba su san Baban wane coci suke amsa wa ba.

Da muka shiga, mun tarar mata sun riga mu. Matan Tudu da na Rafi sun haɗu sun zaro ƙaramar jinkar daga ɗakin sun jingine ta gefe, sun share fasasshiyar tukunya. Ba su yi taro ba, ba su kafa sharaɗi ba. Mahaifiyarmu tana cikinsu, kuma na ga ta san inda tsintsiya take. Markus ya ce, "Mama, ke kin taɓa shiga nan?" Ta ce, "Dusar da aladunku suke ci daga sama take faɗowa? Kullum muna nan. Da ɗayanku ya buɗe baki ya tambaya, da na auna muku da zanena."

Aka sa gwafanni, aka tura, aka ɗaga, aka juya kaɗan. Jinka ta sauka a kan bango ta zauna daram, bakinta ya zarce daidai yadda ake so. Ba a gama ɗaure ta ba ɗigon farko ya faɗo, manya-manya. Kafin a ce a gudu gida ruwa ya kece kamar ana juye tulu. Ba wurin fakewa sai wuri ɗaya. Dattawan Tudu, samarin Rafi, mata, ganga, duk muka dunƙule a ɗakin burkutu, wasu a tsaye, wasu a kan wasu. Baba Ishaya ya tafi kai tsaye wani lungu ya zauna a kan wani dutse da ba wanda ya lura da shi a duhu. Kaka Tani ta ce, "Wurinka na nan yadda ka bar shi."

Kowa ya ɗaga kai yana kallon ciyawa, ana jiran inda zai ɗiga. Ruwa yana dukan jinka, iska tana turawa, gwangwala tana ɗan kuka. Tsohuwar ta bi bango da tafin hannu, ta zaga, ta buɗe tukunyar irinta ta taɓa. A bushe. Ta zauna a ƙasa, tari ya taso mata, mahaifiyarmu ta dafa mata baya. Baba Ishaya ya cire hula ya yi addu'ar godiya, kuma ita ce mafi gajarta da na taɓa ji a bakinsa. Amin ɗin da aka amsa a ɗakin nan ban iya raba na Tudu da na Rafi a ciki ba.

Amma dattijo ba ya manta abin da ya kawo shi. Da ruwa ya fara sauƙi ya ce, "To, Tani, kin ga ƙaunar Almasihu da idonki. Gobe Lahadi. Ina za mu sa ido?" Markus ya matso don kada a yi ba shi.

Ta ce, "Zan je cocin da ya ɗauko mini jinka."

"Ai mu muka yi ta," in ji Baba Ishaya.

"Mu muka ɗauka," in ji Markus.

"Ni daga waje nake, ƙafafu na gani, kuma duk hanya ɗaya suka bi. Wannan cocin nake so. Ranar da ya yi sujada ku aiko a kira ni."

Ba zan ce daga ranar aka koma coci ɗaya ba. Ba a koma ba, har yau biyun suna nan, sun ma sami ƙanne. Ƙarfen dogo da wilin mota suka ci gaba da rige-rigensu. Abin da ya sake shi ne tun daga shekarar ba a ƙara ɗaga jinka a ƙauyen da hannun coci ɗaya ba, ko ta mai bi ce, ko ta mai tsafi, ko ta Bahaushen da ke sayen citta a bakin kasuwa. Daga jinka abin ya wuce zuwa haƙa kabari, da gyaran hanya, da ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti. Na yi shekaru ina zama a taron haɗin kan masu bi, inda ake sa kujeru a jere ana gardamar wa zai zauna a tsakiya, kuma abin da na lura shi ne muna haɗuwa da sauƙi in akwai nauyi a kafaɗarmu da wani a waje da yake jira. In an ajiye kayan, kowa ya ɗaga kai ya ga fuskar na kusa da shi, sai a tuna da ganga.

Maganar tsohuwar kuwa ta hana dattawa barci duk damina. Sai da kaka ta yi, bayan aike da komowa da yawa, aka yarda a yi sujadar godiya tare, sau ɗaya, a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gari. An yarda a kawo ganga amma a kaɗa da yatsu. An yarda a yi waƙa da saurin da bai gamsar da kowa ba. Wa'azi ne aka kasa bar wa juna, don haka aka yi biyu, ɗaya bayan ɗaya, rana tana dukan mutane. Aka aika a kira Kaka Tani. Ta zo da wankakken zane, ta bar ƙwaryar a gida, ta zauna a gaba a kan tabarma. Ƙaramar jinkar su Markus tuni ta ɗora wa awakinta, ta ce su ma sun gode.

Da aka tashi, Baba Ishaya da mai wa'azin Rafi suka nufo ta tare, kowanne yana ƙoƙari ya riga. Suka tambaye ta wane wa'azi ne ya taɓa zuciyarta.

Ta kama hannuna ta miƙe, ta kakkaɓe zanenta. Ta ce, "Na farko ban gane ba. Na biyu na yi barci. Amma damina ta zo ta wuce, ɗakina bai ɗiga ba ko sau ɗaya. A kan wannan na zo. In akwai sauran bayani, ku zo gida ku yi mini, ku biyun, kuma ta ƙofa za ku shigo."